Yadda Ake Auna Ci Gaban Likita Mai Neman Ƙwarewa a Fannin Yara

A Najeriya, likitan da ke son zama ƙwararre a fannin yara yana bi ta Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko kuma takwararta ta Afirka ta Yamma, kuma dukkansu suna gudanar da jarrabawa mataki uku kafin su ba da shaidar ƙwarewa. Sai dai jarrabawa takan nuna abin da likita ya haddace ne, ba lallai ta nuna abin da zai yi da tsakar dare idan aka kawo yaro yana jijjiga ba. Wannan ɓangaren yana wuyan babban likitan da ke horar da shi.

Da farko a zauna da likitan da ake horarwa a ranar da ya shigo sashe, ko ɗakin gaggawa na yara ne ko na jarirai bakwaini, a rubuta abubuwan da ake so ya iya kafin ya bar wurin, domin ba adalci ba ne a auna mutum da ma'aunin da ba a nuna masa ba.

Daga nan sai a tsaya a kansa a ga aikinsa da ido, wanda shi ne ginshiƙin komai. Minti 15 zuwa 20 sun isa a kalli yadda yake tambayar uwa tarihin ciwo da yadda yake duba yaron. A lura ko ya auna nauyin yaro kafin ya rubuta magani, tun da allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 3 ce a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, alhali 2.4 ce ga wanda ya kai. A lura ko ya gwada kaurin damtsen yaron da ya rame, domin ƙasa da santimita 11.5 na nufin tamowa mai tsanani. Haka kuma a saurari bayanin da yake yi wa uwa, ko da harshen da take ji yake yi, ko kuwa Turanci yake zuba mata tana gyaɗa kai don kunya.

Ayyukan hannu, irin su ɗibar ruwan laka idan ana zargin sanƙarau, sauya jinin jaririn da shawara ta yi wa tsanani, da farfaɗo da wanda aka haifa bai yi numfashi ba, a sa hannu a littafin rajistarsu nan take. Al'adar tara littafi a kawo wa babban likita ya rattaba hannu a makon ƙarshe ita ce ke mayar da shi takardar banza.

A nemi ra'ayin ma'aikatan jinya, domin su ne suka san wanda ke amsa kira cikin dare.

Bayan kowace dubawa a faɗa masa sakamako a keɓe, ba a gaban iyayen yara ba, a ambaci takamaiman abin da ya yi daidai da wanda zai gyara. Idan aka ga yana ja da baya, a binciki dalili kafin a yanke hukunci, domin yawan kwanan aiki da rashin barci sukan yi kama da sakaci. Sai a sa masa wa'adi a rubuce, a sake duba shi a kan abin da ya gaza.