Rubutu ya riga magana: kurakuran da aka fi yi wajen sauke sabtaitil

Ka karɓo fim ɗin Koriya ko na Turkiyya wurin masu turi, ka sauke sabtaitil, ka kunna. Jaruma ba ta buɗe baki ba, amma rubutun ƙasa har ya gama faɗar abin da za ta ce. A nan mutane da yawa suke ɗora wa shafin da suka sauko da sabtaitil ɗin laifi, alhali kuskuren tun wajen nema aka yi shi.

Babban kuskuren shi ne nema da sunan fim kawai. Sabtaitil kamar ɗinkin tela yake, da awon kwafi guda aka yanka shi. Fim ɗaya yana da kwafin BluRay, da WEB-DL wanda aka ɗauko daga shafukan kallo na intanet, da HDTV wanda aka ɗauko daga talabijin, kuma ba lallai su fara a daƙiƙa ɗaya ba. Duba cikakken sunan fayil ɗin bidiyonka, ka nemi wanda ya yi daidai da shi a shafin OpenSubtitles, ko Addic7ed idan shiri mai dogon zango ne. Subscene kuwa an rufe shi tun 2024, kada ka ɓata data wajen nemansa. Idan mai turi ya sauya wa fayil suna, VLsub, wani ƙari mai neman sabtaitil a manhajar kallon bidiyo ta VLC, yana iya nema da tambarin fayil ɗin kansa, wato lambar shaidar da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, ba da sunansa ba. Ni wannan hanyar na fi amincewa da ita.

Saɓanin lokaci iri biyu ne, kuma maganinsu daban. Idan tazarar iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, gyaran ba wuya: a VLC na kwamfuta, H yana jinkirta rubutu, G yana gaggauta shi, kowane dannawa milisakan 50. MX Player ma yana da wurin daidaitawa. Amma idan ka gyara a farko, bayan minti goma ya sake zamewa, to daina wahalar da yatsa. An tsara rubutun ne kan kwafi mai hoto 25 a daƙiƙa, naka kuma 23.976 ne, ko akasin haka. Cikin awa guda tazarar takan kai minti biyu da rabi. Sauko da wani, ko ka sauya saurin a manhajar Subtitle Edit, kyauta take.

Wani kuma ya sauke daidai, amma ya bar shi cikin zip. Warware shi, ka ajiye fayil ɗin srt, wato sabtaitil ɗin kansa, a jaka ɗaya da bidiyon, suna iri ɗaya, zai hau da kansa.

Akwai abin da ke damuna musamman ga masu ƙoƙarin fassara zuwa Hausa: a sha wahalar rubutu, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya ko 'yan akwatuna. Ajiye fayil ɗin a tsarin UTF-8. Idan na Larabci ne ya fito a hargitse, zaɓi Windows-1256 a saitin manhajar.

Sai a kula da manyan maɓallan saukewa masu ƙyalli, galibi talla ne. Sabtaitil rubutu ne zalla, da wuya ya wuce kilobayit 200. Duk wanda sunansa ya ƙare da exe ko apk, manhaja ce ba rubutu ba, goge shi ba tare da ka buɗe ba. Ka kuma riƙa sabunta manhajar kallonka, domin a 2017 kamfanin Check Point ya nuna ana iya kutse cikin na'ura ta gurɓataccen sabtaitil a VLC da Kodi, kafin a toshe kafar.