Yadda Ake Adana Iskar Kabon a Duwatsu Masu Ruwan Gishiri

Ɗalibin ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke son shiga aikin adana iskar kabon a ƙarƙashin ƙasa, wato iskar da masana'antu ke fitarwa mai ɗumama duniya, ya fara da sanin cewa ƙasar Zariya ba ta dace da shi ba, domin garin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri irin na Kufena, wanda ba shi da ƙofofin da iska za ta shige. A Nijeriya, inda ya kamata a duba shi ne wuraren da yashi da laka suka daɗe suna taruwa hawa-hawa, kamar Neja Delta, kwarin Binuwai da yankin Tafkin Chadi.

Abin da ake nema shi ne dutsen yashi mai ƙananan ƙofofi cike da ruwan gishirin da ba ya shawuwa, a zurfin da ya wuce mita 800, domin a nan ne zafi da matsi ke sa iskar ta yi kauri har ta ci wuri kaɗan. Dole ne kuma a samu daskararriyar laka a bisansa ta zama murfi, tunda iskar ba ta kai ruwan gishiri nauyi ba, kullum sama take nema. A ganina, a kan wannan murfin ya kamata a fi kashe lokaci da kuɗi: a auna ƙarƙashin ƙasa da girgizar sauti, wato a tura sauti cikin ƙasa a duba yadda ya dawo, a haƙa rijiyar gwaji a ciro samfurin dutse, sannan a binciko tsagogi da tsofaffin rijiyoyin mai da ba a toshe da kyau ba.

Bayan haka sai a busar da iskar, saboda idan ta haɗu da danshi tana cin bututun ƙarfe, a matse ta, a tura ta ƙasa ta rijiyar da aka ɗaure da siminti.

Kada a yi gaggawar turawa. A In Salah ta Aljeriya an fara aikin a 2004, aka dakatar a 2011 bayan da hauhawar matsi ta jawo fargaba a kan murfin. A Sleipner ta Norwe kuwa, tun 1996 ake turawa ƙarƙashin teku, a shekarun farko kusan tan miliyan ɗaya a shekara, ana maimaita awon girgizar sauti don ganin inda iskar ta bazu. Dole ne irin wannan sa ido ya ci gaba ko bayan an rufe rijiya, domin narkewar iskar a cikin ruwan gishiri tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru.