Yadda Ake Renon Ƙwan Kwaɗo Har Ya Fito Tudu

Kwaɗon da ke taruwa ƙarƙashin fitila yana lasar shinge da tururuwa shi ne masana ke kira Sclerophrys regularis. Fatarsa busasshiya ce mai ƙuraje, yana da kumburi biyu a bayan idanu, kuma ba ya dogon tsalle irin na burduddugi. Renon ƙwansa ba wuya, amma ruwa ne ke kashe yawancin waɗanda ake ɗebowa.

A nemi ƙwan da safe bayan daren da aka yi ruwan sama, a gefen kududdufi marar zurfi inda mazan suka kwana suna kuka. Ƙwan wannan kwaɗo baƙaƙe ne, a jere cikin dogon zare mai yauƙi kamar carbi, a nannaɗe jikin ciyawa. Wanda aka gani a dunƙule ko cikin kumfa na wani jinsin ne. Mace ɗaya na zuba dubbai, saboda haka a yanko guntun da bai wuce ƙwai 20 zuwa 30 ba.

A sa shi a faffaɗan baho, ruwan ya kai zurfin santimita 5 zuwa 8. Bahon da ya taɓa ɗaukar sabulu ko maganin feshi bai dace ba ko da an wanke shi, domin fatar 'ya'yan kwaɗi tana tsotse duk abin da ke cikin ruwa. Ruwan kududdufin da aka ɗebo su ko ruwan sama shi ya fi. Na famfo yana da kulorin, sinadarin tsabtace ruwa mai cutar da su, sai ya kwana biyu a buɗe kafin a yi amfani da shi. A ajiye a inuwa, don ruwa kaɗan yana saurin zafi a rana, a rufe da guntun gidan sauro.

Cikin 'yan kwanaki za su ƙyanƙyashe su manne a jikin baho ba motsi. Kada a ba su abinci sai sun fara iyo. Daga nan a sa musu dutse mai gansakuka da ɗan ganyen alayyafo ko latas da aka tafasa ya yi laushi, a kwashe ragowar kullum. Yawan abinci ke ruɓar da ruwa: idan ya yi wari ko suka taru a sama, iska ta yi musu ƙaranci. A riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk bayan kwana biyu ko uku.

Ƙafafun baya ke fara fitowa. Da na gaba sun fito, sai ɗan kwaɗon ya daina cin ganye, jikinsa na shanye wutsiyar, ya koma numfashi da huhu. Nan ake yawan asara, domin in babu wurin hawa nutsewa zai yi. A karkata bahon, a jingina dutse rabinsa a waje da ruwa.

Da wutsiya ta ɓace a mayar da su bakin kududdufinsu da magariba, cikin ciyawa mai laima. A wanke hannu bayan an taɓa babban kwaɗo, don farin ruwan da kumburin bayan idonsa ke fitarwa dafi ne mai zafi a ido da baki.