Yadda ake gina abin tunawa da Marie Tharp da siminti a harabar makaranta

A Bauchi da Gombe, mutum-mutumi mai siffar ɗan Adam yakan jawo ce-ce-ku-ce, don haka gara a sassaƙa aikin matar maimakon fuskarta. Marie Tharp, 'yar Amurka (1920 zuwa 2006), ita ce a 1952 ta gano dogon kwarin da ya tsaga tsakiyar jerin duwatsun ƙarƙashin Tekun Atlantika. A lokacin ba a barin mata su hau jirgin bincike, sai ta riƙa zana ƙasan teku daga ma'aunin zurfin da ake kawo mata. Taswirar nan mai tudu da kwari ita za a fitar a jikin bango mai faɗin mita 2, tsawo mita 1.5.

Idan wurin na gwamnati ne, a fara samun izinin hukumar tsara birane. A haƙa tushe santimita 60. A baƙar laka mai tsagewa da rani, irin wadda ake samu a sassan Gombe, a kai mita 1, in ba haka ba damina za ta karkatar da bangon. Kwaɓin kankare: buhun siminti 1, kwanon gini 4 na yashi, 8 na tsakuwa. A jera rodi mai milimita 12, tazarar santimita 20, a tabbatar kankare ya rufe shi da santimita 4. Rodin da ya kusanci fuska yana tsatsa, ya kumbura, ya fasa aikin daga ciki.

Bangon ya tsaya, sai a ɗaure ragar waya a kansa, a zana taswirar da alli. Filastar sassaƙa buhu 1 ne da kwano 6 na yashi mai laushi da aka tankaɗe. Nan ne gaggawar birkila ke ɓata aiki: kada shafi ɗaya ya wuce santimita 1.5. A karce shi da ƙusa tun yana ɗanye, a bari ya kwana, sannan a ɗora wani. Tudun duwatsun na iya cin shafi huɗu ko biyar. Kwarin tsakiya kuwa da bakin cokali ake yanka shi a shafin ƙarshe, ya fito sosai yadda yaro zai bi shi da yatsa.

Da hunturu iska na shanye ruwan filasta kafin siminti ya kama, shi ne ke kawo ƙananan tsage kamar saƙar gizo. A lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Fenti sai bayan kwana 28, in ba haka ba zai ɓare.

Allon suna a yi shi da dutse, a rubuta da Hausa da Turanci. Na tagulla ba ya daɗewa, ɓarayin ƙarfe ke kwance shi. Saman bangon kuma a ɗan gangarar da shi baya, don kada ruwan sama ya zubo ta fuskar taswirar ya bar mata baƙin zane.