Yadda na gyara ekran bayan na hau Windows 11

Shekaranjiya na ɗaga kwamfutar shagona nan Maradi daga Windows 10 zuwa 11, tana tashi sai hoton bango ya ɓace, baƙi ƙirin, ekran na ta ƙyaftawa, rubutu ya yi manya-manya. Wallahi na zaci yankewar kuran ce ta ƙona wani abu.

Na danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B tare, ƙyaftawar ta lafa kaɗan. Ashe direban ekran, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ne ya tsufa, na sauko da sabo, megana ya sha wuya kam, na mai da girman ekran 1366x768. Hoton kuwa, na shiga jakar AppData, cikin jakar Themes, na goge fayil ɗin hoton bango mai suna TranscodedWallpaper, na sake zaɓen hoton ɗiyata, ya zauna daram.