Yadda ake haɗa Turanci da Koriyanci a takarda ɗaya ba tare da haruffa sun koma akwatuna ba

Duk wanda ya taɓa ganin ƙ ko ɗ sun koma ɗan akwati a allo ya san wannan ciwon. Haka rubutun Koriya, Hangul, ke yi idan manhaja ta fitar da takarda da salon haruffan da bai san shi ba, kamar Arial. Ga yadda za ka gyara.

Da farko, zaɓi salo biyu. Na Turanci duk wanda ka ga dama. Na Koriyanci kuwa sai wanda ya ɗauki gaɓoɓin Hangul 11,172 da ke cikin Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta. Ni Noto Sans KR nake so, domin kyauta ne kuma lasisinsa ya yarda a cusa shi cikin takarda. Malgun Gothic na zuwa da Windows, Apple SD Gothic Neo kuma da Mac, amma kada ka dogara da su, domin ba kowace na'ura ke da su ba.

Sai jerin fifiko, kuma nan ne aikin yake. Idan daga HTML kake fitar da PDF, rubuta na Turanci a gaba, na Koriya a bayansa: font-family: "Inter", "Noto Sans KR". Kwamfuta za ta duba na farko, in babu harafin ta gangara na biyu. Idan ka juya jerin, salon Koriya zai cinye har Turancin, kuma a Malgun Gothic alamar \ fitowa take a matsayin ₩, alamar kuɗin Koriya. Ka sa lang="ko" a sassan Koriyanci, sannan word-break: keep-all don kada layi ya tsinke a tsakiyar kalma.

A Word kuwa kowane gutsuren rubutu yana da gurabe daban na sunan salo, kowane gurbi da irin haruffansa. A python-docx, kayan aikin Python na haɗa takardun Word, font.name na cike guraben ascii da hAnsi kaɗai, waɗanda haruffan boko ke amfani da su. Dole ka cike eastAsia, gurbin da Hangul ke amfani da shi, da hannunka.

Bayan haka ka tabbatar salon yana kan na'urar da ke haɗa takardar, ba kwamfutarka kawai ba. A Ubuntu, wani nau'in Linux, ka saka fonts-noto-cjk, ka duba da umarnin fc-list :lang=ko; sunan salon a can "Noto Sans CJK KR" ne, shi za ka rubuta a font-family.

Daga ƙarshe, ka gwada PDF ɗin da pdffonts, umarnin da ke jera salon haruffan da ke cikinsa. Kowane salo ya nuna "yes" a ƙarƙashin emb, wato an cusa shi cikin takardar. Sannan ka tura wa wani ya buɗe a wayarsa, ya duba layin da Turanci da Hangul suka haɗu.