Darasi na 9: Farin Tabo a Baki da Abin da Likita Ke Nema a Cikinsa

Ciwon daji na baki ba ya faɗowa rana ɗaya. Sau da yawa yakan fara da ɗan tabo, fari ko ja, a gefen harshe, ko ƙarƙashinsa, ko cikin kumatu, ko kan dasashi. Ba ya zafi, ba ya hana cin tuwo, shi ya sa mai shi yakan ce zafin ciki ne, ya ci gaba da harkarsa. A shekarar 2022, mutane kusan 390,000 ne suka kamu da ciwon dajin baki da leɓe a duniya.

Ba kowane fari ne abin tsoro ba. Farin da ke fita idan an goge shi da tsumma mai tsabta, galibi cutar naman gwari ce, wato fungus, kuma tana jin magani. Wanda ya ƙi gogewa, likitoci na kiransa lukofilakiya. Jan tabo mai laushi, wato eritirofilakiya, bai cika yawa ba, amma ya fi farin haɗari nesa ba kusa ba. Yawancin fararen tabo ba sa zama daji. Wasu kuwa suna zama, kuma ido kaɗai ba ya rabe su.

To, yaya ake ganewa? Likita zai yi allurar kashe zafi, ya yanki ɗan nama kaɗan daga tabon, ya aika ɗakin gwaji. A can za a yanka shi siriri, a rina shi, a duba da madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Abu na farko da ake dubawa shi ne ko ƙwayoyin halittar wurin sun fara sauya kama. Bayan haka ana iya neman wasu furotin, wato sinadaran da ƙwayoyin jiki ke haɗawa, da ke nuna inda ciwon ya dosa.

Ɗaya daga cikinsu shi ne p53, wanda aka gano a 1979. Aikinsa kamar na maigadi ne: idan ƙwayar halitta ta lalace, ya tsayar da ita har a gyara, in ba ta gyaruwa ya sa ta mutu. Hayaƙin taba na iya lalata shi. Lalataccen p53 ba ya aiki, sai ya taru a cikin ƙwayar, rini ya kama shi, ya fito da launin ƙasa-ƙasa. Na biyu shi ne Ki-67, wanda aka gano a Jamus a 1983. Shi yana bayyana ne a ƙwayoyin da ke hayayyafa. A lafiyayyen baki, can ƙasan fata kawai ake ganinsa. Idan ya hau har saman fata, alama ce hayayyafar ta wuce ƙa'ida. Waɗannan furotin taimako ne ga likita, ba su kaɗai ke yanke hukunci ba.

Akwai maganar da ake yaɗawa, wai idan ƙarfe ya taɓa ciwo sai ya bazu. Ba gaskiya ba ne, kuma wannan tsoro yana sa mutane zama gida har ciwo ya ci ƙarfinsu. Ɗaukar ɗan naman ba ya watsa ciwo. Jinkiri ne ke ba shi dama.

Masu shan sigari da shisha, da masu cusa garin taba a dasashi, da masu shan giya, su suka fi shiga haɗari. Mai cin goro ya kurkure baki kafin ya duba, don jan goro kan ɓoye tabo. Mu a Zariya muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, inda ake da likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi da kuma ɗakin gwajin nama. Duk tabo, ko gyambo, ko kaluluwa a wuya da ta wuce mako biyu, a kai asibiti. Kada a shafa kanwa, kada a kai wa wanzami ya tsaga.

Aikin gida: ka wanke hannu, ka tsaya gaban madubi inda akwai haske. Ka ɗaga harshe, ka juya shi dama da hagu, ka ja kumatu ka leƙa. Ka rubuta abin da ka gani a jimla biyu, tare da kwanan wata, ka zo da shi aji mako mai zuwa.